Juliet ta faɗa da bakinta, ba wanda ya saurare ta

Duk sanda labari ya bazu a WhatsApp cewa wani saurayi ko wata budurwa ta kashe kanta, a Garwa ne ko Marwa ko Gider, maganar majalisa ba ta wuce biyu. Wasu su ce iskoki ne, wasu su ce soyayya ce, yaran zamani sun ɗauki kansu Romeo da Juliet. Sai a rufe da "wallahi ba wanda ya ga alama." Wannan ta ƙarshen ce take ci min rai, domin wasan da ake kafa hujja da shi ma ya ƙaryata ta.

Shakespeare ya rubuta wasan wajen 1595. Juliet ba ta cika shekara 14 ba, kuma komai ya faru cikin ƙasa da mako guda. Tun farkon wasa mahaifin Romeo yake kuka da halin ɗansa: ya fita da asuba yana hawaye, ya dawo ya kulle kansa a ɗaki, ya rufe tagogi da rana tsaka. Na Juliet ya fi fitowa fili. Da ubanta ya sa ranar aurenta da wani mai suna Paris, ta durƙusa tana roƙo, ya ce ko ta yarda ko ya kore ta ta je ta yi bara. Ta juya ga uwarta, ta nemi a ɗaga ko da mako ɗaya ne, in ba haka ba a shirya mata kabari. Uwar ta ce ta cire hannunta. Matar da ta shayar da ita ta ce ta haƙura ta yi auren. Ta ruga wurin Fada Laurence da wuƙa a hannu, shi kuma maimakon ya taka zuwa gidan iyayenta, sai ya ƙulla mata wata dabara a ɓoye. Manya huɗu ke nan a yini guda.

Mu a arewacin Kamaru ba sai an yi mana bayanin irin wannan gida ba. Djaïli Amadou Amal, haifaffiyar Marwa da aka aurar tana da shekara 17, a kansa ta rubuta Les Impatientes, littafin da ya ci kyautar Goncourt ta ɗalibai a 2020. Dokar hukunta laifuka ta 2016 ta haramta auren dole da aurar da wanda bai kai 18 ba, amma yarinyar da ke kuka a ƙuryar ɗaki "yi haƙuri" kawai take ji. Haka yaron da ya faɗi jarrabawar Probatoire karo na biyu, aka yi masa gori a gaban ƙannensa, ko ɗan acaɓar da tramol ya kama.

Ana cewa mai faɗa ba ya aikatawa. Ƙarya ce mai kisa. Katangar ƙasa ba ta faɗuwa a ruwan farko: sai ta jiƙe, ta tsage, gindinta ya zaizaye, mai gida yana wucewa kullum yana cewa sai bayan damina, sannan ta rufta a daren Agusta. Yaron da ya daina cin abinci da 'yan'uwansa, barci ya ƙaurace masa, ya bar ƙwallo da abokai, yana cewa "na zame muku kaya" ko "kun kusa hutawa da ni," ya tsage. Idan ya fara rabar da kayansa, yana neman gafarar mutane ba dalili, ko ya natsu kwatsam bayan dogon ƙunci, abin ya kai gargara. Wanda ya taɓa gwadawa kuwa shi ya fi kowa shiga haɗari.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mutum fiye da 720,000 ne ke kashe kansu duk shekara, kuma kisan kai ne sanadin mutuwa na uku tsakanin 'yan shekara 15 zuwa 29. Kusan kashi ɗaya cikin biyar da maganin ƙwari ne. Nan ya kamata mu tsaya, mu da ke yankin auduga, inda galan ɗin maganin feshi yake ƙarƙashin gado ko kusa da buhun gero. Romeo ma a wurin wani matalaucin mai magani ya sami guba, alhali dokar garin ta hana sayarwa. Sri Lanka ta haramta magungunan da suka fi dafi, kisan kai ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari daga 1995. Ƙuncin yakan zo ya wuce, kuma yawancin waɗanda aka ceto ba ta wannan hanya suke mutuwa daga baya ba. Hukumominmu sun san haka, amma har yau ana auna maganin a kwalba a kasuwar ƙauye, ba takarda ba tambaya.

Addini ya haramta kisan kai, kuma yaron ya sani. Wa'azin wuta a wannan lokaci ƙara rufe masa baki yake yi. Bincike ya nuna tambayar mutum kai tsaye ba ta cusa masa tunanin, sauƙi take kawo masa. Baba, Inna, Goggo, Malam: ku zaunar da shi ku ce, "Kana tunanin kashe kanka?" In ya ce e, kada a bar shi shi kaɗai, a sa wa magunguna kwaɗo, a kai shi asibiti a ranar, a haɗa da addu'a. Auren ko jarrabawar da ta jawo haka kuma a ajiye maganarta tukuna.