Kyautar Kirsimati Ta Aikin Hannu: Yadda Mai Ƙaramin Ƙarfi Zai Fita Kunya A Chikaji

Da zarar watan Disamba ya kama, hunturu ya buso, sai hankalin magidanta Kirista na Chikaji da sauran unguwannin Sabon Gari da Samaru ya koma kan abu guda, watau yadda za a yi a fita kunyar iyali da dangi da maƙwabta ran 25 ga wata. Ga ɗinkin yara, ga shinkafa da kaji, ga kuɗin mota zuwa Kafanchan ko Zonkwa ko Binuwai, sa'an nan ga kyautar da ba a iya zuwa gida hannu rabbana ba tare da ita ba. Albashi kuwa ɗaya ne, kuma kuɗin makaranta na watan Janairu yana nan yana jira.

Wannan matsi ba baƙo ba ne. Tsofaffin ma'aikata ba su manta da matakan tsuke bakin aljihu na Shugaba Shehu Shagari a 1982 ba, balle shirin gyaran tattalin arziki na 1986. Na baya-bayan nan shi ne janye tallafin man fetur a watan Mayu na 2023. A Disamba ta 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin 100 bisa ga lissafin Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, kuma a Kirsimatin 2024 buhun shinkafa mai kilo 50 ya ɗara mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yuli na shekarar. Wanda ya ce zai yi rabon kayan kanti a irin wannan hali, to, bashi zai ci.

Amma akwai wata sa'a da mutane ba su cika lura da ita ba. Kirsimati tana zuwa ne a ƙarshen kaka. Gyaɗa da riɗi da waken soya da zoborodo duk sun shigo kasuwa, sabuwar citta ta iso daga ƙasar Kachia, kuma galibi a wannan lokaci ne amfanin gona ya fi araha a shekara. Har ila yau iskar hunturu busasshiya ce, abin da aka soya ko aka daka yakan daɗe bai lalace ba. Kayan gwangwani da na kwali kuwa a Disamba suke ƙara tsada. Saboda haka mai hankali sai ya juya wa layin kantuna baya, ya nufi layin 'yan hatsi a Kasuwar Sabon Gari ko ta Samaru, tun farkon wata, kafin 'yan sari su kwashe.

A ɗauki gyaɗa, wadda Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, da aka kafa tushenta tun 1922, ta yi shekaru tana inganta irinta. Daga tiya guda uwargida za ta iya fitar da kyautar gida uku ko huɗu. A tsince ta sosai, a zubar da duk ƙwayar da ta yi funfuna ko ta canja launi, domin irin wannan tana ɗauke da dafin da ke cutar da hanta, kuma suya ba ta kashe shi. A soya a cikin yashi mai tsabta bisa wuta kaɗan-kaɗan, a murje ɓawon, a sheƙe. Rabi a ɗura a kwalabe. Sauran a ɓarza, a narka sukari har ya yi ja, a zuba a juya da sauri, a shimfiɗa a faranti da aka shafa wa mai, a yayyanka tun bai sandare ba. Haka ake yi wa riɗi a sami kantu. Sharaɗi ɗaya ne ba a wasa da shi: kwalbar ta bushe ƙayau, kuma kada a rufe sai abin ya huce, in ba haka ba gumi zai sa ya yi sanyi kafin ranar biki.

Yaji ma kyauta ce da ba a raina ta. Barkono da citta da kanumfari da masoro da ƙuli-ƙuli da gishiri, in aka daka su lilis aka tankaɗe, kwalba guda za ta kai gida har Ista. Wanda ke da ɗan hali sai ya ƙara da dambun nama, gama kilo guda in an dafa an daka an soya yakan yi auki fiye da yadda ido ya zata. Cincin kuwa kowa ya san shi, sai dai fulawa da mai da sukari duk na saye ne da tsada, don haka ba lalle ne a sa shi gaba ba.

A ganinmu babu kyautar da ta dace da lokacin kamar man kaɗanya. Hunturun Zariya yana fasa leɓe da dunduniya, man shafawa na kanti kuwa ya fi ƙarfin talaka. A sayi curin man, a sa a kwano, a ɗora kwanon cikin ruwan zafi har ya narke, a tace da ƙyalle mai tsabta, a ƙara ɗan man kwakwa don ya yi laushi, a zuba a ƙananan gwangwanaye. Tsohuwar da aka kai wa wannan za ta fi sa albarka bisa wadda aka kai wa kwalin biskit. Mai iya kwarashi kuma ta saƙa hular sanyi da safa ga jarirai. Ƙyallayen da teloli ke sharewa a wannan wata na yawan ɗinki, in an roƙa, sun isa a haɗa rigar matashi ko jakar littafi.

Ɗalibai na Jami'ar Ahmadu Bello da sauran makarantun Zariya su ma ba su da hujjar komawa gida da jaka wayam. Mutum huɗu ko biyar su haɗa kuɗi su sayi gyaɗa da sukari a dunƙule, su yi aikin a rana ɗaya su raba, ya fi kowa ya sayi nasa a ƙulle-ƙulle. Wanda Allah ya ba shi hannun zane ya yi katin gaisuwa da kansa. Abin kunya ne a garin da ɗalibai suka kafa shahararriyar ƙungiyar masu zane ta Zariya a 1958 a ce sai an sayi katin da aka buga a wata ƙasa, mai hoton ƙanƙarar da ba mu taɓa gani ba.

Akwai kuma dalilin da ya sa wannan magana ta wuce batun aljihu. Sabon Gari ta kafu ne bayan isowar jirgin ƙasa a 1911, kuma tun daga lokacin Bahaushe da Bayarabe da Ibo da mutanen kudancin Zazzau suke zaune katanga ɗaya. Kiristanci ma ba baƙon Hausa ba ne a nan: Likita Mila ya zauna a birnin Zariya tun 1905, mishan ta koma Wusasa a 1929, Littafi Mai Tsarki ya fito da Hausa a 1932. Al'adar da ta riƙe zaman nan ita ce kwano. Ran Kirsimati shinkafa ta tsallaka gidan Musulmi, ran Babbar Salla nama ya tsallako. Gidaje da yawa har sukan kira maƙwabci Musulmi ya yanka musu kaza ko akuya domin kowa ya ci ba tare da shakka ba. Garin da ya ga tarzomar Maris 1987 da ta bayan zaɓen 2011 ya san abin da ke biyo baya in maƙwabta suka daina sanin ƙofar juna. Kwanon da aka fasa aikawa bana don shinkafa ta yi tsada, da wuya a tuna da shi baɗi.

To, a nan ne gyaɗa da kantu da yaji suka yi rana, domin babu mai tambayar wa ya yanka su, kuma ba sa lalacewa in mai gida ya yi tafiya. A jera su a kan sabon faifai, a rufe da wani, a ba yaro ya kai da safe bayan an taso daga sujada. Wanda aka kawo wa kuma ya tuna da tukwicin ɗan aike, ko da alewa ce, ya wanke kwanon mutane ya mayar a ranar.