Launin Kifayen Tafkunan Afirka da Kasuwar Kifin Ado

Kifayen sikilid na tafkunan Malawi, Tanganyika da Biktoriya dangin karfasa ne, sai dai ta fuskar launi sun yi mata fintinkau. Tafkin Malawi kaɗai yana da ɗaruruwan nau'o'insu, akasarinsu ba a samunsu ko'ina sai can: shuɗaye, jajaye, ruwan ɗorawa, masu zane da masu dabbare-dabbare. Shi ya sa masu kiwon kifin ado a tankunan gilashi a Turai, Amurka da Asiya suka raja'a a kansu.

Tushen launin yana ga zaɓin mace. Namiji ne ke da ado, macen kuwa da launi take gane nata. Ga kuma rashin yawo: kifayen duwatsu da ake kira mbuna ba sa son ƙetare fili mai yashi, uwa kuma a baki take rainon ƙwanta, don haka 'ya'ya kan girma inda aka haife su. Da tafiya ta yi nisa, kowane tsibiri ya sami launinsa. Haka Tropheus yake a Tanganyika, har masu kiwo kan kira shi da sunan gaɓar da aka kamo shi. A Biktoriya an ga akasin haka: inda ruwa ya gurɓace, mata sun kasa bambance jan namijin Pundamilia da shuɗi, sai nau'i biyu suka gauraya.

Kasuwa ba ruwanta da wannan iyaka, abin da ya fi ɗaukar ido take bi. Labidochromis caeruleus mai ruwan ɗorawa ya cika shaguna, alhali a tafkin Malawi a ɗan yanki kaɗan ake samun wannan launin. Daga zaɓen iri aka zarce zuwa barbarar nau'i da nau'i, aka fito da irinsu OB peacock, wanda babu shi a Malawi. Wasu kuma kan ba ƙananan kifi sinadarin namiji don su yi launi da wuri. Mai saye ya kai gida, bayan makonni kifin ya koɗe. Wannan algus ne, ba kiwo ba. Ƙara launi da abinci mai spirulina kuwa ba laifi, domin ja da ruwan ɗorawa daga abinci kifi ke samun sinadarinsu.

Kiwon ya yi rana. Yawancin kifin da ake sayarwa yanzu haifaffen gona ne, kuma wasu nau'o'in Biktoriya da giwan ruwa ya kusa ƙararwa, tun da aka saka shi a tafkin a shekarun 1950, a tankuna suka tsira. Amma ɓarnar ma a bayyane take. Saulosi, wanda ke zaune a kan dutse guda a Malawi, kamu ya rage shi matuƙa. An kuma saki Cynotilapia afra daga arewacin tafkin a tsibirin Thumbi West a shekarun 1960, ya yi barbara da wani nau'in da ya tarar.

Tanki ba ya zama mafakar wani nau'i sai an san gaɓar da iyayensa suka fito, an kuma hana shi gauraya. Kifin da aka gauraya, komai kyansa, ba ya komawa tafki.