Ciwon kan da ke lafawa idan an kwanta: yadda likitoci ke gano yoyon ruwan laka ta hanyar hoto

Iyayenmu da ’yan’uwa, akwai wani ciwon kai da muke so mu ja hankalinku a kansa, domin yana da hali na daban. Mutum zai farka da asuba lafiya lau, amma da ya tashi zaune ko ya miƙe, ba da jimawa ba sai ƙeya ta fara sara, wuya ya sage. Da ya koma ya kwanta sai ya samu sauƙi. Wani yakan haɗa da jiri, tashin zuciya, ƙara a kunne ko gani biyu-biyu. A gida mukan ce gajiya ce ko hawan jini, a yi ta shan farasitamol wata da watanni.

Ƙwaƙwalwa da laka suna cikin wani ruwa ne garai-garai, wanda tantani mai ƙwari ya kewaye tun daga kai har ƙugu. Ruwan bai wuce mililita 150 ba a jikin babba, kodayake jiki na samar da kusan 500 kullum yana sabunta shi. Idan tantanin ya huje a gadon baya, ruwan ya riƙa yoyo, ƙwaƙwalwa ta rasa abin da ke tallafe ta. Da an miƙe sai ta sauko ƙasa ta ja jijiyoyi. Ramin yana baya, zafin yana kai.

Wani lokaci sanadin a fili yake: allurar baya da ake yi wa mata lokacin tiyatar haihuwa, ko ɗibar ruwan baya don gwaji. Wani lokaci kuma haka kawai ne, wani ɗan tsinin ƙashi ya yaga tantanin. Akwai kuma nau’in da ruwan ke zarcewa kai tsaye cikin jijiyar jini, wanda sai a 2014 likitoci a Amurka suka fara bayyana shi.

Matakin farko shi ne hoton MRI na kai, tare da allurar rini ta jijiyar hannu. Likitan hoto yana duba ko tantanin ya yi kauri yana haske ta ko’ina, ko ƙwaƙwalwa ta zazzago, ko jijiyoyin jini sun kumbura, ko ruwa ko jini ya taru tsakanin ƙwaƙwalwa da tantanin. Wannan na ƙarshe yana da haɗari, kuma idan aka zuƙe jinin ba a toshe yoyon baya ba, yakan sake taruwa. Amma a lura: kusan mutum 1 cikin 5 masu wannan ciwo hoton kansu yakan fito kamar ba komai. Don haka “hoto ya yi kyau” bai rufe magana ba muddin ciwon na bin tsayuwa da kwanciya. Haka ma auna ƙarfin ruwan da allura ba abin dogaro ba ne, tunda da yawa nasu yakan nuna daidai.

Daga nan sai MRI na gadon baya, a ga ko ruwa ya kwanta a wajen tantanin. Shi yakan nuna cewa akwai yoyo, amma ba kasafai yake nuna ainihin ramin ba, don ruwan yakan malale nesa da inda ya fito. Gano wurin sai da hoton da ake kira mayelogiram: a zuba rini cikin ruwan bayan da siririyar allura, a ɗauki hoto da sauri da na’urar CT ko ta esre, a kama inda rinin ya fara ɓullowa. Idan ana zargin nau’in jijiyar jini ne, akan kwantar da mutum ta gefe, wani lokaci dama yau, hagu wata rana. Ba kowane asibiti ke da gwanayen wannan ba; a Ghana akan fara ne da neman takardar turawa zuwa babban asibitin koyarwa irin Korle Bu a Accra ko Komfo Anokye a Kumasi.

Wahalar ta cancanci a sha, domin ciwon yana da magani. Akan ɗebi jinin mutum daga hannunsa a zuba a bayan tantanin ya daskare ya toshe ramin. Idan bai yi ba, a yi tiyata ko a toshe jijiyar. Har dattijon da ya fara mantuwa da sauyin hali saboda zazzagowar ƙwaƙwalwa, aka ɗauka rikicin tsufa ne, yana iya dawowa hayyacinsa.

Mai zuwa hoto ya cire agogo, ’yan kunne da duk wani ƙarfe, ya faɗi idan yana da na’urar bugun zuciya, ciwon ƙoda ko juna biyu. Idan yaranku ne ke yi muku tafinta, ku tabbata sun faɗa wa likita wannan jimla yadda take: ciwon yana tashi idan na miƙe, yana lafawa idan na kwanta. Wanda kuma ya fara magagi, amai ba ƙaƙƙautawa ko barcin da ba a iya tashinsa, a kai shi sashen gaggawa nan take, a kwance.