Tsarin Iyali Ga Ma'auratan Da Dukansu AS Ne

Tambayar da na fi sha a ɗakin awo ita ce: "Sista, tunda mun haifi mai sikila ɗaya, ai ukun da za su biyo baya sun tsira ko?" A'a, ba haka lissafin yake ba.

Idan miji AS ne, matar ma AS, kowane ciki da lissafinsa. Kashi 1 cikin 4 jaririn ya zo SS, wato mai amosanin jini, kashi 2 ya zo AS, kashi 1 kuma AA. Cikin da ya wuce ba ya rage wa na gaba komai. Shi ya sa za a ga gida mai 'ya'ya biyar babu mai ciwon, wani gidan kuma uku a jere. Dangin miji su lura: yaro ba ya zama SS sai ya gaji S daga uwa da kuma uba. A daina ɗora wa matar laifi ita kaɗai.

To, ina amfanin tazarar haihuwa? Ba ta canza jinin jariri, amma tana ba iyaye lokaci. Ciwon ba ya cika nunawa sai wajen wata shida, sau da yawa da kumburin hannu da ƙafa. Uwar da ta yi kwanika tana iya samun kanta da laulayi ga jinyar yaro a gadon asibiti, ga kuɗin ƙarin jini. Shawararmu a bar aƙalla shekara 2 bayan haihuwa kafin wani ciki. Mace mai AS tana iya amfani da allurar wata uku, ko ashanar dantse, ko robar mahaifa, kamar kowace mace, bayan an duba ta. Yawan 'ya'yan da za ku iya ɗauka kuwa, ku biyu za ku zauna ku yanke. Don haka, maigida, ka rako ta.

Akwai gwajin da ke nuna jinin jariri tun yana ciki, tsakanin mako 10 zuwa 13, sai dai yana da tsada kuma cibiyoyi kaɗan ke yin sa.

Da an haihu, a nemi gwajin jariri, kada a jira ya kwanta. Idan SS ne, likita zai fara masa penisilin kafin ya cika wata uku, da folik asid da kariyar maleriya, a kuma cika masa rigakafi. Duk ranar da jikinsa ya yi zafi, a kawo shi asibiti a ranar, ko da tsakar dare ne.