Waldar Keke: A Kula Da Saiti

A ƙauyukan Kiyawa keke yana aikin jaki. Da shi ake kai buhun gero ko riɗi kasuwar Shuwarin, da shi ake zuwa Dutse. Yawan lodi kan sa jikin keke ya tsage, galibi a gaɓar da ke ƙarƙashin sirdi ko a wuya. Daga nan sai wajen mai walda.

Sau da yawa waldar takan kama, amma keken ya dawo a karkace. Sai ka ji yana jan ka gefe ɗaya. Taya tana cinyewa ta ɓari guda, sarƙa tana yawan faɗuwa. Ga kaya a baya, ga manyan motoci a titin Shuwarin zuwa Azare. Wannan ba abin wasa ba ne.

Me ke jawo haka? Zafi ne. Ƙarfe yakan miƙe in ya ji wuta, ya tsuke in ya huce. In gefe ɗaya na bututu ya fi shan wuta, to wajen hucewa sai bututun ya lanƙwasa ta wannan gefen.

Kekuna irin Raleigh da Phoenix da tagulla aka haɗa gaɓoɓinsu tun daga kamfani. Tagulla tana narkewa a zafin kusan digiri 900, ƙarfe kuwa sai kusan 1,500. Saboda haka waldar gas da tagulla ta fi dacewa da keke. Tagullar ce ke narkewa ta cike gaɓa, bututun bai narke ba. Waldar lantarki takan huda bututu, don ba shi da kauri.

Ga hanyar auna saiti, kuma ba ta cin ko kwabo. A cire tayar baya. A ɗaura zare a bakin ƙarfen da tayar ke shiga, na dama. A zagayo da shi ta gaban wuyan keke, a dawo a ɗaure a na hagu. Zaren ya yi tauri. Sai a auna tsakanin zare da bututun sirdi, dama da hagu. In tazarar ɗaya ce, saiti ya yi. Ko da karan dawa ana iya aunawa.

Mai walda ya kankare tsatsa da fenti tukuna. Ya ɗiga tagulla kaɗan a wuri biyu ko uku don ta riƙe gaɓar, ya sāke aunawa da zare. A nan gyara yake da sauƙi. Sannan ya bi gaɓar da wuta yana zagayawa, kada ya tsaya wuri ɗaya.

In an gama, kada a zuba ruwa. Mun san ranar kasuwa kowa sauri yake yi, amma ruwan sanyi yana murɗe ƙarfe, yana iya tsaga waldar. A bar shi ya huce da kansa, a sāke ɗaura zare kafin a biya kuɗi.

In bututun ya riga ya lotse, ko tsatsa ta cinye shi, walda ba za ta riƙe ba. Sai a nemi wani jikin keke a wajen masu gyara.