Kwalin 'Yan Tsaki Ya Iso Gwiwa, Saura a Sama Musu Uwa

A Gwiwa ba a tambayar ko akwai kaza a gida, sai dai a tambayi ta wace ce. Akwai ta uwargida, akwai ta amarya, akwai wadda kaka ta ba jikanta kyauta tun tana sagara. Da gari ya waye a buɗe akurki, a watsa musu tsaba, su fice neman abincinsu a bola da gindin rumbu, da magariba su dawo da kansu. Haka kiwon yake a Korayel da Dabi da Buntusu, haka yake a Roni da Kazaure, har zuwa Babura a bakin iyakar Nijar. Kazar nan ita ce asusun mace: idan baƙo ya sauka a kama ɗaya, idan yaro ya kwanta ciwo a kai ɗaya kasuwa.

Abin da ya shigo sabo shi ne kwali. Kwali ne mai ƙananan huji a jikinsa, a ciki akwai 'yan tsaki 50 'yan kwana ɗaya suna ta tsiwa, babu uwa tare da su. Masu sayensa kuma ba tsofaffin masu kiwo ba ne. Malamin makaranta ne da ya ga bidiyo a waya, ko ɗalibi a kwalejin kimiyya da fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure da ya dawo hutu, ko matar aure da ta ɗauki adashi tana son abin da zai ɗebe mata kewa ya kuma kawo ɗan canji. Da yawansu sha'awa ce ta fara jan su, lissafin riba daga baya ya zo. Kuma sha'awar tana da dalili, domin duk wanda ya taɓa zama ya kalli tsako yana koyon shan ruwa, ya tsoma baki ya ɗaga kai sama, ya san abin yana shiga rai.

Sai dai wanda ya karɓi kwalin nan ya karɓi aikin uwa ne, ko ya sani ko bai sani ba.

A duba abin da kazar Hausa take yi. Takan saka ƙwai 10 zuwa 15, ta kwanta a kansu kwana 21, tana juya su da bakinta, ba ta tashi sai don ta ci ta sha ta koma. Idan ta ƙyanƙyashe, aikin da ya fi wuya ya fara. Tsako ba ya iya riƙe ɗumin jikinsa a makonnin farko, domin gashin da ke jikinsa laushi ne kawai, ba ya tare sanyi. Shi ya sa yake yin ɗan kiwo ya ruga ƙarƙashin fiffiken uwa, ya ɗumama, ya sake fitowa. Ita ce take tona ƙasa ta kira su, ita ce take nuna musu abin ci da abin bari, ita ce take yin wani irin kuka idan inuwar shirwa ta gifta, su watse su ɓuya. Tsakon kwali bai san ko ɗaya daga cikin wannan ba. Injin ƙyanƙyasa ne ya fito da shi, galibi a Ibadan da kewayenta, ko Jos, ko Kaduna inda kamfanin Olam ya buɗe babban wurin ƙyanƙyasa a Chikun a 2017. Daga nan aka loda shi a mota zuwa Kano, dillali ya raba, ya biyo titin Kano zuwa Daura har Kazaure, sannan wataƙila a bayan babur ya ƙarasa Gwiwa. Abin da ya riƙe shi a wannan doguwar hanya ragowar gwaiduwar ƙwai ce da ya shanye a cikinsa kafin ya fito, kuma takan ishe shi kamar kwana uku. Yana isowa a gajiye yake, da ƙishirwa.

Saboda haka ruwa ake fara ba shi kafin abinci. Masu kiwo sukan sa ɗan gulukos ko sukari a ruwan farko, su kama kowane tsako su tsoma masa baki sau ɗaya don ya gane. Mazubin ruwan ya zama marar zurfi, ko a zuba tsakuwa a ciki, domin tsako yakan faɗa ruwan da bai kai tsayin yatsa ba ya jiƙe, sanyi ya ƙarasa shi.

Sai ɗumi, wanda a kansa ne yawancin sababbin masu kiwo suke yin asararsu ta farko. A makon farko tsako yana son zafin da ya kai digiri 32 zuwa 35, sannan a riƙa ragewa da kamar digiri 3 kowane mako har gashinsa ya cika, wajen mako huɗu zuwa biyar. Mutum zai ce ai ƙasarmu ƙasar zafi ce. Gaskiya ne da rana. Amma wanda ya taɓa fita sallar asuba a Gwiwa cikin Disamba ko Janairu, hunturu na kaɗawa, ya san akwai sanyin da ko babba sai ya nemi bargo. Wutar lantarki kuwa ba abin dogaro ba ce, don haka abin da ake amfani da shi kasko ne da gawayi, ko fitilar kananzir, ko ƙwan fitila mai aiki da hasken rana don haske kawai. Ba kowa ke da ma'aunin zafi ba, kuma ba dole ba ne, domin tsakin da kansu suna faɗin halin da suke ciki. Idan suka cure wuri ɗaya kusa da kaskon, suna hawa kan juna suna kuka mai ƙarfi, sanyi suke ji, kuma a wannan cunkoson ne na ƙasa suke mutuwa. Idan suka gudu jikin bango, baki buɗe, fukafukai a sake, zafi ya yi yawa. Idan suka bazu ko'ina, wasu na ci, wasu na barci, suna 'yar tsiwa a hankali, to an dace. A kewaye su da kwali ko falle ya zama da'ira, don kada su sami lungun da za su danne juna.

Gawayi yana da nasa haɗarin da ya kamata a faɗa da babbar murya. Idan aka rufe ɗaki ruf da leda don tsare iska, gawayin yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi. Tana kashe tsaki, tana kuma kashe mutum. A bar gawayin ya kama sosai a waje kafin a shigo da shi, a bar kafa a sama inda iska za ta fita, kuma kada wani yaro ya kwana a ɗakin da sunan gadi.

Ƙasan ɗakin a shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko diddigar katako, a riƙa kwashe inda ya jiƙe. Jiƙaƙƙiyar shimfiɗa ita ke haifar da ciwon hanjin nan da ake ganin jini a kashinsu.

Wane irin tsako ma za a saya? Burola, farar kazar nama, tana kai kilo 2 cikin mako shida zuwa takwas, amma ba ta da juriya ko kaɗan, kuma zafin Maris zuwa Mayu, lokacin da ma'auni ke haura digiri 40 a wannan yanki, yana kayar da ita daidai lokacin da ta yi nauyi. Masu ƙwai sai sun yi wata huɗu zuwa biyar suna ci kafin a ga ƙwan farko. A cikinsu akwai ShikaBrown, wadda cibiyar binciken dabbobi ta NAPRI da ke Shika, ƙarƙashin Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ta samar don ta dace da yanayin ƙasar nan. Akwai kuma noila, ta kamfanin Amo da ke Awe a Jihar Oyo, mai launi irin na kajin Hausa, wadda ake kiwo don nama da ƙwai, kuma idan ta yi ƙwari tana iya fita ta yi kiwo a tsakar gida. Ga mai farawa a ƙauye, wanda ba shi da wuta ba shi da likita a kusa, noila ta fi yafe kuskure. Kuma babu dokar da ta ce sai an sayi kwali cikakke. Dillalai suna sayar da 10 ko 20, wasu ma suna raino na mako biyu ko uku su sayar bayan an wuce lokacin haɗari. Ya fi tsada, amma ga wanda bai taɓa yi ba kuɗin bai tafi a banza ba.

Abinci shi ne inda sha'awa take haɗuwa da aljihu. Tsako yana buƙatar abincin farko da ake kira sitata, mai sinadarin gina jiki kashi 20 zuwa 23 cikin 100. Gero da dawa da ke cike da rumbunan Gwiwa kusan rabin haka kawai suke da shi, dusa ma ba ta kai sitata ba. Kazar Hausa tana cike giɓin da gara da ƙwari da ɗanyen ganye, shi ya sa tsofaffi suke kifa tukunya da kara da kashin shanu a bakin shuri su tara gara su kawo wa tsaki. Wannan dabara tana da kyau har gobe, amma ba za ta ciyar da burola 50 ba. Kowace burola takan ci kimanin kilo 4 kafin ta isa yanka, wato kwali ɗaya yana cinye kusan buhu 8 masu kilo 25. Tun da farashin masara da waken soya da sufuri ya tashi bayan cire tallafin man fetur a 2023, wannan lissafi ne ya kori mutane da yawa daga kiwon. Kuskuren da aka fi yi shi ne a kashe kuɗin duka wajen sayen tsaki, a mako na huɗu, lokacin da cinsu ya ninka, a rasa na abinci, a koma ba su dusa, su tsaya cak.

Ciwon da ya fi kowane share akurki shi ne wanda mutane ke kira fakat, likitoci kuma suke kira Newcastle, sunan garin Ingila inda aka gano shi. Kowa a karkara ya san alamarsa: kaza ta yi lagwas, kashi kore ko fari, numfashi da kyar, wuya ya murɗe. Ya fi tashi da hunturu, kuma kasuwa ce hanyarsa, domin da an ga kaji sun fara faɗuwa sai a kwashi sauran a kai kasuwa kafin su mutu, mai saye ya kai ciwon gidansa. Ƙwayar cutar ba ta jin magani. Jiƙon ɓawon maɗaci da barkono da kafson da ake fasawa a ruwa ba sa kashe ta. Rigakafi ne kaɗai, kuma akwai shi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi da ke Vom a Jihar Filato, wadda take aiki tun 1924, tana yin Lasota da ake sawa a ruwan sha, tana kuma yin I-2, wanda aka samo daga Ostareliya, mai jure zafi fiye da sauran, ana ɗiga shi a ido. Na biyun ya dace da kajin gida, a maimaita duk wata huɗu. Tsakin kwali kuma suna buƙatar rigakafin Gumboro, cutar da ke karya garkuwar jikinsu, sau biyu a cikin makonni ukun farko. Ranakun sukan bambanta bisa ga inda aka ƙyanƙyashe su, don haka a karɓi jadawalin daga dillali ko ma'aikacin lafiyar dabbobi. Kwalbar rigakafin tana zuwa da na kaji 100 ko fiye, dole a ɗauko ta cikin ƙanƙara, kuma da an haɗa ta da ruwa a shanye cikin awa biyu. Maƙwabta uku ko huɗu za su iya haɗa kuɗi su sayi ɗaya, su yi rana guda.

Akan ji mai kiwo ya ce zakaran da Allah ya nufa da cara, ko ana muzuru ana shaho sai ya yi. Magana ce ta gaskiya, amma abin takaici ne a ji an kawo ta bayan tsaki 30 sun mutu da ciwon da rigakafinsa bai kai kuɗin kaza ɗaya ba.

Nan ne kuma gidan Bahaushe yake da matsala ta musamman. Kajin uwargida suna yawo gari, suna dawowa da abin da suka kwaso. Su sun saba, tsakin kwali ba su saba ba. Dole a raba musu wuri, a raba mazubi, a ajiye takalmi ɗaya na shiga ɗakin tsaki kawai, kazar da aka sayo daga kasuwa kuma a killace ta mako biyu. Wanda ya tuna 2006, lokacin da murar tsuntsaye ta fara ɓulla a wata gona a Jaji ta Jihar Kaduna, ta bazu zuwa Kano, aka kashe kaji dubbai, ya san cewa idan kaji suka fara zubewa farat ɗaya ba yankawa ake yi a ci ba. A binne mushen, a sanar da ofishin dabbobi na ƙaramar hukuma. Yara ma, da su ne suka fi son ɗaukar tsaki, a koya musu wanke hannu da sabulu kafin su ci abinci.

Ɓera da muzuru da tunku da kwarkwasa suna nan suna jira, don haka raga a taga da toshe ramuka ba ado ba ne.

Akwai wata hanya da matan yankin suka daɗe suna bi, kuma sabon mai kiwo zai ƙaru idan ya zauna ya tambaye su. Idan kaza ta fara kwanci, sukan sa mata ƙwan zabi, ta kwanta kwana 26 zuwa 28 ta ƙyanƙyashe su ta raine su kamar nata. Haka kuma ana iya zura wa mai kwanci 'yan tsakin kwali kaɗan da dare, ta wayi gari ta karɓe su, ko da yake ba kowace kaza ke yarda ba, sai an sa ido da safe. Idan ta karɓa, an huta da gawayi da tashin dare. Abin da ya rage shi ne a tsare ta da 'ya'yan a cikin keji na mako huɗu zuwa shida, a kawo musu sitata da ruwa mai tsabta, a yi musu rigakafi, domin a waɗannan makonnin ne shirwa da sanyi da ciwo suke cinye mafi yawan abin da kazar Hausa ta ƙyanƙyashe.

Masu nufin kasuwar Sallah sukan ƙirga mako bakwai ko takwas baya daga ranar idi su yi odar tsakinsu, kuma a lokacin kowa ke nema, farashin kwali yakan hau. Shimfiɗar da aka kwashe daga ɗakin ma ba a zubar da ita. A tara ta gefe ta ruɓe na 'yan watanni, masu lambun rani da ke noman tumatir da albasa suna nemanta, mai gona kuma ya kai ta gonar geronsa kafin saukar damina.