Furen Kaktus da Ladan Haƙuri

A ƙasashe da dama akwai mutanen da ke jera tukwane a baranda ko a ɗakin gilashi, suna renon kaktus da sauran tsirrai masu tara ruwa a jiki don sha'awa kawai. Babban burinsu shi ne su ga fure ya fito daga wannan dunƙulen ƙaya. Amma kaktus ba ya fure sai mai shi ya fahimci yadda yake rayuwa.

Asalin kaktus nahiyar Amurka ne, kuma ire-irensa sun kai kimanin 1,500, Meziko kuwa ta fi kowace ƙasa yawansu. Galibinsu ba su da ganye. Ƙaya ta maye gurbin ganyen, gangar jiki kuma ita ke tara ruwa, ita ke haɗa abinci. Yawancin tsirrai kan buɗe ƙananan ƙofofin jikinsu da rana don shaƙar iskar kabon dayokzaid, ruwa kuwa ya riƙa ficewa ta nan. Shi kaktus sai dare ya yi sanyi yake buɗe nasa. Yakan ajiye iskar a cikin wani sinadari mai tsami, in gari ya waye ya rufe ƙofofin ya sarrafa ta da hasken rana. Wannan dabara tana tsimin ruwa ƙwarai, amma tana jawo jinkirin girma. Alal misali, saguwaro na hamadar Sonora kan shekara kusan 35 kafin ya yi furen farko.

Saboda haka ruwa mai yawa ya fi fari kashe kaktus a tukunya, domin saiwarsa ruɓewa take yi. Ƙwararrun masu reno kan cakuɗa ƙasa da yashi da tsakuwa, su huda gindin tukunya, kuma ba su ƙara ruwa sai ƙasar ta bushe sarai. Idan lokacin sanyi ya zo sai su janye ruwan na 'yan watanni. Wannan hutu ne ke sa ire-ire da yawa su fid da toho. Furen wasu daga dangin Echinopsis fari ne mai ƙanshi, yana buɗewa da dare don jawo ƙwarin da ke yawo cikin duhu, kuma da wuya ya wuce kwana ɗaya ko biyu.

Sai dai ba kowa ke iya wannan jira ba. Masu gaggawa sun fi son a tono musu tsohon tsiro daga jeji. Binciken da ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta fitar a 2015 ya nuna cewa kashi 31 cikin 100 na ire-iren kaktus suna fuskantar ƙarewa, kuma tono su don sayarwa yana cikin manyan dalilai. A 2020 'yan sandan Italiya sun kama kaktus fiye da 1,000 da aka sato, galibi daga hamadar Atakama ta ƙasar Chile. A 2021 aka mayar da 844 gida. Mai reno na gari daga iri yake shukawa ko daga reshe.

Ɗaliban da ke son gwadawa ba sai sun nemi na waje ba. Kariya, wadda kan yi jan fure da rani bayan ta zubar da ganye, ita ce masu reno a duniya ke ƙauna da sunan furen hamada. Tinya da kerana kuwa, ko da yake sun yi kama da kaktus, ba danginsa ba ne: zama cikin fari ne ya ba su siffa ɗaya. Ana gane su da farin ruwan da suke fitarwa in an yanke su, wanda ke cutar da ido. Ruwan kariya ma dafi ne, don haka a kiyaye. Malami na iya sa aji ya dasa reshen kariya a tukwane biyu, a bambanta ruwan da ake ba su, a riƙa rubuta abin da aka gani har zangon karatu ya ƙare.